Jinya a Harshe Biyu: Daga Ajin Koyon Aikin Nas Zuwa Fadamar Haɗeja

Kalmar "jinya" ta girmi asibiti a ƙasar Hausa. Tun kafin a buɗe ɗakin shan magani na farko, Bahaushe ya san wanda zai zauna a gefen tabarmar marar lafiya, ya dama masa kunu, ya juya shi, ya kwashe abin da ya fito daga jikinsa, ya kuma rufa masa asiri. Aiki ne na uwa da 'ya da mata da ƙanwa, ba a biyan kowa, ba a kuma koyar da shi a aji. Har yau kalmar "majinyaci" tana ɗaukar ma'ana biyu a bakin jama'a: wani ya nufi wanda ke kwance, wani ya nufi wanda ke zaune a kusa da shi. Da aikin asibiti ya zo, sai aka ɗora wannan tsohuwar kalma a kan sabuwar sana'a, aka ce "ma'aikaciyar jinya", ko da yake a bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya "nas" ko "sista" ko "malama" ake jin ana kira.

Na yi shekara uku ina koyon wannan sana'a, na kuma yi wasu shekaru ina yin ta a ƙasar Haɗeja kafin na koma jami'a nazarin Hausa. Abin da nake son gabatar wa malamaina da abokan nazari shi ne abin da na gani a tsakanin aji da gadon marar lafiya: ana koyar da aikin da Ingilishi, ana yin sa da Hausa, kuma mahaɗar harsunan biyu ita ce wurin da rai kan tsira ko ya salwanta.

Kafin a kai ga aji

Jarrabawar farko a gida ake yin ta. Lokacin da takardar samun gurbi ta zo, gwaggona ce ta fara magana. Hujjojinta uku ne, kuma babu na banza a ciki: budurwa za ta riƙa kwana a waje da sunan aikin dare, za ta taɓa jikin mazan da ba muharramanta ba, sannan masu neman aure za su ja da baya. Mahaifina bai amsa ba sai bayan kwana biyu. Ya tuna mata Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Amma maganar da ta warware taƙaddamar daga bakin kakata ta fito, wadda ta tsufa tana aikin ungozoma a unguwarmu. Cewa ta yi: "Duk wadda ta ƙi 'yarta ta koya, kada ta yi ƙorafi ranar da namiji ya karɓi haihuwar jikarta." Daga nan gwaggo ta yi shiru, daga baya ma ita ta saya mini akwati.

Wannan taƙaddama ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Ƙarancin mata ma'aikatan lafiya ne ya sa a 2012 aka fara wani shiri da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, wanda ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara ya ba su horon share fage har su cika sharuɗɗan shiga makarantun jinya da ungozoma. Ƙannenmu da dama ta wannan ƙofa suka shiga.

Shekara uku

Wata shida na farko su ne matankaɗi. A ƙarshensu akwai jarrabawar da duk wanda ya faɗi zai tattara kayansa. A cikin waɗannan watanni ake ɗora wa ɗaliba sunayen ƙasusuwa 206 na jikin baligi, da hanyoyin jini, da aikin ƙoda da hanta da huhu, cikin Ingilishin da rabinsa Latin ne da Girkanci. Yawancinmu daga makarantun sakandaren gwamnati muka fito. Saboda haka makaranta biyu muke yi: ta rana a gaban malami, da ta dare a ɗakin kwana, inda muke zama a kan tabarma da fitila, wadda ta fi ganewa ta mayar wa sauran da darasin cikin Hausa. A nan na fara ganin yadda ake ƙirƙirar kalma don larura. Muka riƙa kiran zuciya famfo, ƙoda rariya, ƙananan jijiyoyin jini kuwa "'yan kwalbatoci". Babu wanda ya rubuta waɗannan kalmomi. Kowane aji yakan ƙirƙiro nasa, ya tafi da su.

Waɗanda suka haye sai a yi musu bikin ɗora hula, a kunna kyandir don tunawa da fitilar Florence Nightingale ta yaƙin Kirimiya, wadda ake bikin ranar nas-nas ta duniya a ranar haihuwarta, 12 ga Mayu. Daga nan sai zagayen ɗakuna: na maza, na mata, na yara, na haihuwa, na tiyata. Ana koyon gyaran gado da mutum a kansa, da wanke wanda ba ya iya tashi, da awon zafin jiki da bugun jini, da ɗaura ƙarin ruwa, da lissafin ɗigon da zai sauka a minti guda. Kowane aiki yana da mataki na farko da ba a tsallakewa: a gaida marar lafiya, a yi masa bayanin abin da za a yi, a nemi yardarsa. A zauren gwaji, ga 'yartsana a kan gado, da Ingilishi muke yin wannan bayani, mai jarrabawa na ba da maki. A ƙarshen shekara ta uku muka zauna jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ce kuma ke ba da lasisin aiki. A duk tsawon wannan lokaci ban zauna darasi ko ɗaya a kan yadda ake yi wa Bahaushiya tambaya game da jikinta ba.

Fadama

Aikina na farko a wani ƙaramin asibiti ne a ɗaya daga cikin garuruwan fadama. Wanda bai san ƙasar ba zai iya ɗaukar ta shimfiɗa guda, alhali ƙananan hukumomi takwas ne a masarautar: Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasamma da Malam Madori. Kogin Haɗeja, wanda ya samo ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, shi ne ke tsara rayuwa: shinkafa da alkama da tattasai da kifi duk daga gare shi suke. Madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ruwan ke zuwa, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyinsa, ta yadda yakan bar inda ake jiran sa ya afka inda ba a gayyace shi ba. An ga haka a ambaliyar 2012 da 2018 da 2020 da 2022, lokacin da matasa ke kwana a kan jinga da buhunan ƙasa.

Kogin ne kuma ke tsara cututtuka. Da damina zazzaɓin cizon sauro ne ke cika ɗakin yara. Idan ruwa ya shiga rijiyoyi da masai sai amai da gudawa su biyo baya. Tsargiya kuwa ta zama ruwan dare a tsakanin yaran da ke wanka da su a ruwan da ba ya gudu, har wasu iyaye ba sa ɗaukar jini a fitsarin yaro a matsayin ciwo. Idan hanya ta yanke, mai naƙuda a kwalekwale ake fito da ita, sannan a nemi babur ko amalanke.

A nan na gane cewa rabin aikin nas tafinta ne. Likita na iya zama baƙo a ƙasar, fayil da Ingilishi ake cika shi, marar lafiya kuwa da Hausa yake bayani, wani lokaci ma Hausar aro ce a bakin Bafillatana ko Bamange ko Babade. Mace ta ce "sanyi ke damuna": tana iya nufin mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon mara da ƙaiƙayin da kunya ta hana ta ambata. "Shawara" na iya zama rawayar ido ta ciwon hanta, tana kuma iya zama kasala da zazzaɓin da ya daɗe. "Basir" kan haɗa cututtukan ciki da dubura iri-iri. Wadda ta ce "zuciyata na tashi" amai take ji, babu ruwan zuciya a ciki. Duk wanda ya karanta littafin Lewis Wall na 1988 a kan maganin Hausawa, wanda ya gina a kan bincikensa a yankin Malumfashi, ya san cewa waɗannan sunaye suna da nasu tsari. Nas ce ke tsaye tsakanin tsarin biyu, ga layi a bayanta, ga mintoci kaɗan a hannunta.

Awon ciki ya koya mini lissafi iri biyu. Ana ƙirga kwana 280 daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, amma tambayar ba ta yiwuwa kai tsaye. Sai dai a ce: "Yaushe rabonki da fashin salla?" Amsar kuma da watan sama za ta zo: "Tun watan Azumin Tsofaffi," ko "bayan Cika-ciki da mako guda." Nas ce za ta mayar da shi kwanan watan Bature. Haka ma ƙa'idar shan magani. "Sau uku a rana" kan sa a shanye ƙwayoyin uku tsakanin hantsi da la'asar. Idan aka ce "ɗaya da asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya lokacin kwanciya," tazarar awa takwas ta kusa cika ba tare da agogo ba.

Sai kunya. Mai cikin fari ba ta magana a gaban surukarta, al'ada kuma ta hore ta da danne ciwon naƙuda. Wata tsohuwar sista ce ta nuna mini dabarar. Takan dubi surukar ta ce: "Inna, don Allah a taimaka a samo mana ruwan zafi." Da fitarta sai yarinyar ta faɗi cewa tun jiya ruwa ya fashe. Doguwar naƙuda ce ke haifar da yawancin yoyon fitsari, ciwon da ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ke aikin gyaransa a babban asibitin Jahun tun 2008. Awannin da shiru ke cinyewa suna daga cikin awannin da ke kai mace can.

Akwai daren da aka kawo wata yarinya daga ƙetaren ruwa tana jijjiga, ta ciji harshenta, ƙafafunta sun kumbura. Danginta sun riga sun yanke hukunci cewa iska ce, sun zo ne kawai don mijin ya nace. Awo ya nuna jininta ya haura 140 bisa 90 nesa ba kusa ba. Jijjigar masu ciki ce, maganinta allurar maganiziyam salfet da gaggauta haihuwa. Musu da dattijon da ya rako ta zai ci lokacin da ba mu da shi. Na durƙusa na ce: "Baba, ku ci gaba da tofi, ba za mu hana ba. Jininta ne ya hau, mu kuma ku ba mu izini mu yi namu." Ya ce: "'Yata, Allah ya sa a dace." Da maganar tiyata ta taso a babban asibitin da muka tura ta, wani ya ce musu "za a yanka ta," nan take suka fara naɗe tabarma. Sai da aka sake faɗa musu cewa "aiki za a yi mata a ciro jaririn" suka sa hannu. Ta rayu, jaririn bai rayu ba.

Haka batun wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da zafi da gishirin kanwa. Amma nas da ta ce wa kaka "al'adarku ce ke kashe su" ta rasa mai jego da kakar gaba ɗaya. Wadda ta ce "a rage kanwar, a sirka ruwan, idan ta fara haki ko kumburi a dawo da ita" takan sake ganin su.

Abin da ya rage mana

Sabuwar nas a karkara takan tarar da kanta ita kaɗai a aikin dare, da fitilar waya a baki, ga gadaje cike. Ba abin mamaki ba ne da yawa ke neman komawa birni, ko Saudiyya, ko Ingila. A Fabrairun 2024 majalisar da ke ba da lasisi ta fito da sharaɗin sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Duk wadda ta tafi takan tafi da hannunta da iliminta, ta kuma tafi da wancan ƙamus da ba a rubuta ba, wanda ta tara a bakin gado.

Albashi da kayan aiki ba a hannun manazarta Hausa suke ba, amma ƙamusun a hannunmu yake. Muna da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, muna da kundaye masu yawa a kan magungunan gargajiya da tsibbu da bori. Abin da nas ke buƙata ya ɗan bambanta: bayanin yadda marar lafiya ke siffanta ciwonsa, da karin harshensa, da sakayawarsa, da kalmomin da ke firgita shi. Aiki ne na ma'ana da walwalar harshe, kuma fagensa a buɗe yake. Ƙasar da harsunan Auyokawa da Teshenawa suka narke cikin Hausa, inda Fulatanci da Barbarci da Badanci ke goga kafaɗa da ita a kasuwa ɗaya, ba za ta rasa abin nazari ba.

Ina ganin abu uku za su yiwu ba tare da kuɗi mai yawa ba. A tura ɗaliban digiri na biyu su zauna da tsofaffin nas-nas da ungozomomi, da izinin hukuma da kiyaye sirrin marasa lafiya, su tattara kalmomin. Sassan Hausa na jami'o'in da ke kusa, kamar ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su haɗa kai da makarantar jinya ta Birnin Kudu da ta kimiyyar lafiya ta Jahun a tsara gajeren kwas na Hausar asibiti. Sannan a nemi a riƙa gwada ɗaliba a kan bayani da neman yarda cikin harshen da za ta yi aiki da shi. Masu iya magana sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yarinyar da za ta karɓi lasisinta bana za a tura ta Guri ko Birniwa kafin damina ta kama, kuma tambayar farko da za ta yi wa marar lafiya da Hausa za ta yi ta.