Zuwa Ga 'Yata Likita, Kafin Ki Miƙa Takardar Canjin Sashe

'Yata,

  Mahaifiyarki ta sanar da ni cewa kina tunanin barin sashen yara masu lalurar ƙwaƙwalwa, saboda kin gaji da kallon idon uwa alhali ba ki da abin ce mata sai a yi haƙuri. Ban ga laifinki ba. Amma kafin ki yanke shawara, ina so ki ji labarin wata mata da ta taɓa tsayawa daidai inda kike yanzu. Sunanta Huda Zoghbi.

A Bairut ta ƙasar Labanan aka haife ta a 1954. Adabi ne a ranta tun tana yarinya, mahaifiyarta ce ta karkato da ita wajen kimiyya. Ta shiga karatun likitanci a 1975, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasarsu. Iyayenta suka tura ta Amurka da niyyar ta dawo in ƙura ta lafa, ƙura kuwa ba ta lafa ba. Kwalejin Meharry da ke Nashbil ce ta karɓe ta, ta gama a 1979, ta wuce birnin Hustan ta ƙware a kan jijiya da ƙwaƙwalwar yara a Kwalejin Baylor.

A 1983 ta karanta wani rahoto na likita Bengt Hagberg, mutumin Suwidin, da abokan aikinsa, a kan wata cuta da Andreas Rett ya fara bayyanawa a Biyana tun 1966, amma duniya ba ta kula ba. Ba a jima ba sai ga wata yarinya a gabanta da alamun nan ɗaya bayan ɗaya. Ke kin fi ni sanin su, amma bari in faɗa yadda uwa take ganin abin. An haifi yarinya lafiya lau, tana dariya, tana kama abin wasa, wataƙila har ta fara cewa mama. Tsakanin wata shida zuwa sha takwas sai komai ya fara zamewa. Maganar ta ɗauke. Hannun da yake ɗaukar abinci ya daina, sai murza shi take yi ba dare ba rana kamar mai wanke hannu. Tafiya ta rikice, numfashi ya rikice, sau da yawa farfaɗiya ta biyo baya. Kusan mata kaɗai take kamawa, kamar ɗaya cikin dubu goma, kuma an daɗe ana lissafa ta cikin dangin galahanga. Ki faɗa mini, uwar da ta ga 'yarta ta koma haka a gabanta, yaya za a yi ba za ta saurari masu cewa sammu ne ko shafar aljanu ba? Ni ban taɓa raina irin wannan uwa ba. Amsa take nema, kuma wanda ya fara ba ta amsa shi za ta bi.

Abin da ya dame ki shi ya dami Huda. Tana iya faɗin sunan cutar, ba ta iya faɗin dalilinta. Sai ta yi abin da likitoci kaɗan ke yi: a 1985 ta koma ɗaliba, ta shiga ɗakin binciken Arthur Beaudet don koyon ilimin ƙwayoyin gado daga tushe. Malamin nata ya nuna mata cewa cutar Rett ba wurin farawa ba ce. A lokacin, ana gano ƙwayar gadon da ta lalace ne ta hanyar bin zuri'a, kaka da 'ya'ya da jikoki, a ga wa ya kamu wa ya tsira. Ita kuwa Rett kusan kullum mutum ɗaya take kamawa a dangi, babu sawun da za a bi. Huda ta ji shawara. Ta ɗauki wata cutar gado mai lalata tafiya da daidaiton jiki, ta yi aiki a kanta tare da Harry Orr na Jami'ar Minesota, har suka gano ƙwayarta a 1993. Wannan ya ba ta suna da kuɗin bincike. Amma ba ta saki 'yan matan nan ba. A gefe ta ci gaba da tara jininsu, tana gwada ƙwaya bayan ƙwaya, tana samun babu.

Nan nake so ki tsaya ki yi tunani, domin masu ba da labarinta sukan tsallake wurin su tafi ga lambobin yabo. Shekara 16 ta yi tana bibiyar cutar nan, tun daga 1983. Sai a 1999, bayan wasu tsirarun iyalai masu fiye da mutum ɗaya da ya kamu sun taimaka an taƙaita neman zuwa wani yanki na kuromosom X, wata mai bincike a ɗakinta, Ruthie Amir, ta ga kuskuren a ƙwayar da ake kira MECP2. Furotin ɗin da wannan ƙwaya ke samarwa, wanda Adrian Bird ya gano tun 1992, yana kula da yadda wasu ƙwayoyin gado masu yawa ke aiki a ƙwaƙwalwa. Nan aka fahimci dalilin da ya sa mata ne. Mace tana da X biyu, don haka wani kaso na ƙwayoyin jikinta da mai lafiyar yake aiki. Namiji kuwa ɗaya gare shi, in ya lalace ciwon yakan yi tsanani tun yana jariri. An kuma gano cewa kusan kullum kuskuren sabo ne, ba gadonsa aka yi ba, kuma galibi a ƙwayar haihuwar uba yake aukuwa ba tare da laifin kowa ba. Ki duba yawan matan da ake zarga a gidajen aurensu a kan yaro irin wannan, ki ga nauyin wannan bayani guda ɗaya.

Ɗakin Huda ya kuma nuna cewa furotin ɗin kamar gishiri yake a miya: in ya yi kaɗan matsala, in ya yi yawa matsala. Yara maza da ke da ƙwayar ninki biyu suna fama da jinkirin girma da alamun galahanga. A 2007 Bird ya maido da aikin ƙwayar a jikin ɓerayen da suka riga suka kamu da alamun Rett, sai suka farfaɗo. A 2015 ɗakin Huda ya rage yawan furotin ɗin a ɓerayen da yake musu yawa, su ma suka samu sauƙi. Wato ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ba mutuwa suka yi ba. Kada dai ki ɗora wa iyaye burin da ya wuce gaskiya. Har yanzu babu maganin warkewa. Wanda Amurka ta amince da shi a 2023, trofinetide, sassauta alamu kawai yake yi. Galahanga kanta kuma ba ƙwaya ɗaya ce ke jawo ta ba, ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa.

Ban ce sai kin zama Huda ba, na kuma san ba ki da irin kayan aikin Hustan. Amma aikinta da ido ya fara, da ganin yarinya ɗaya da kyau. Yaranmu kaɗan ne suka shiga irin waɗannan bincike, kuma ba za su shiga ba sai an sami likitan da ya zauna ya rubuta yaushe yaro ya yi magana, yaushe ya daina, me uwa ta fara lura da shi. Wannan kina iyawa tun gobe. Kuma ranar da kika ce wa uwa ciwon 'yarta yana da suna, ba ita ta jawo shi ba, ga yadda za a kula da farfaɗiyar da cin abinci da gashin ƙashi, kin ba ta abin da ya fi a yi haƙuri nesa ba kusa ba.

Ki yi shawara da maigidanki, ki yi istihara. In kin zaɓi tafiya ba zan ƙullace ki ba, amma ni dai zamanki nake so. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya yi miki albarka, ya ba marasa lafiyarki sauƙi.

Naki,
Kawu