Yawuri: Ga Kifi Ga Shinkafa, Me Ke Ramar Da Yaro?

Uwargida, idan tafiya ta kai ki ƙasar Yawuri a jihar Kebbi, ki leƙa bakin ruwan Yelwa da sassafe. Jiragen ruwa na sauke kifi, ga buhunan shinkafa da albasa jibge. Daga Shanga ta arewa har Wara, hedikwatar Ngaski ta kudu, rayuwa ta dogara ne da kogin Kwara da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, har aka tashi dubban Gungawa daga tsibiransu.

Amma ki lura da teburan mai shayi da shagunan bakin hanya. Burodi, taliya, fanke da biskit sun shige ko'ina, kuma duk na alkama ne. Ga yawancin yara babu matsala. Ga wasu kuwa, nan ciwon yake.

Akwai cutar da likitoci ke kira siliyak. Mai ita idan ya ci alkama ko sha'ir, sinadarin gulutin da ke cikinsu sai ya sa garkuwar jikinsa ta riƙa lalata bangon ƙaramin hanji, abinci ya daina shiga jiki. Sai ki ga yaro da zawo mai naci, ciki a kumbure, jini ya yi ƙasa, yana ci amma ba ya girma. A faɗin duniya kusan mutum 1 cikin 100 na da ita, kuma ba ta Turawa kaɗai ba ce: binciken 1999 ya same ta a jikin sama da kashi 5 cikin 100 na yaran Yammacin Sahara da ke gudun hijira a Aljeriya.

Abin takaici shi ne tafiyar hawainiyar da gano ta ke yi. Tun 1888 likita Samuel Gee ya bayyana ta a Ingila. Sai a 1950 likitan yara Willem Dicke na ƙasar Holan ya tabbatar da laifin alkama. Sai 1997 aka gano sinadarin da gwajin jinin yau ya dogara da shi. Shekara sama da ɗari ke nan!

A bakin tafki kuwa, uwa ta ce haƙori ne, kaka ta ce shawara ce. Likita ma zai fara zargin tsutsar ciki ko gurɓataccen ruwa, kuma da gaskiyarsa, don su suka fi yawa. To amma idan an sha magani wata da watanni yaro na ci gaba da ramewa, ke da maigida ku nemi a tura ku babban asibiti, Birnin Kebbi ko Sakkwato, ku ambaci siliyak da bakinku. Kada ki hana shi alkama kafin gwaji, domin hakan na ɓoye cutar.

Idan ta tabbata, maganinta barin alkama ne har abada. Nan kuma Yawuri ta yi wa uwa gata: shinkafa, gero, dawa, masara, wake da kifi duk babu gulutin. Ki dai kula da fulawar da ake barbaɗawa a masa ko ɗanwake.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.