Bashin da Yazi Dogo yake bi na

A wannan mako ina roƙon ku yarda in ajiye zancen farashi da na albashi, in biya wani bashi da ya daɗe a wuyana.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, falke ne a Mallawa. Ran Alhamis yakan kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari, kuma bai taɓa zama a bencin lakwal ba. Amma da an ambaci Yazi Dogo, sai ya gyara zama. Yakan ba mu labarin zamanin Samariya, bayan da Saini Kunce ya karɓi mulki a 1974, da bikin matasa na ƙasa da aka soma a Damagaram a 1976. A garin nan ne wani malamin makaranta da abokan wasansa suka riƙa hawa dandali, suna nuna wa jama'a halinsu: alhajin da dukiya ta ruɗa, ma'aikacin da ba ya sa hannu sai an shafa masa, uban da ke aurar da ƴarsa dole. Wasan ya shiga gidan rediyo, ya kuma hau Tele Sahel, har Yazi Dogo ya koma Yamai yana jagorancin ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa. Mahaifina kan kwana Magariya takanas domin ya kalle shi.

Ni kuwa da na shiga lise, muka karanta Moliyer, sai kaina ya kumbura. Wani hutu na ce wa tsoho abin nan nasu ba wasan kwaikwayo ba ne na gaskiya, tunda babu littafi. Ya dube ni, ya ce: «To, ɗan boko, ni wa ke rubuta mini abin da zan faɗa in ina ciniki?» Na yi dariya, ban amsa ba.

Sai da na kama aikin jarida na gane nauyin tambayar. Ƴan wasan nan sukan zauna su daidaita kan labari, su raba shi fita-fita, sa'an nan kowa ya zo da maganar bakinsa. Mai tsara irin wannan wasa kamar madugu yake: ya san hanya, ya san zango, ya san halin kowane ɗan ayari. Wanda bai daɗe yana wasa da kansa ba, ba zai iya ba. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta ga darajar abin, ta wallafa littafi a kansa a 1987, tun ban san harafi ba.

Ga inda damuwata take. Wasan da ba a rubuta ba, a wuri biyu yake kwana: kaset da ƙwaƙwalwar dattawa. Kaset zafi da ƙura suna cinsa, dattawa kuma ƙasa tana kiransu. Yaran Mallawa na yau sun san taurarin fim na Kano ɗaya bayan ɗaya, amma ƙannena ba su san sunan nan ba.

Saboda haka, ma'aikaci mai mabuɗin ma'ajiya, da alhajin da ke da tsohon kaset a akwati, ku fito da su a kwafe tun da sauran lokaci. Ni dai na makara wajen ba tsohona haƙuri. Allah ya sa mu gane namu tun suna kusa, amin.