Sunan tauraro kaɗai zai cika mana zaure a Minna?

Akwai wata magana da ta kwana biyu tana ci min tuwo a ƙwarya.

Ranar Asabar na je wani biki a Bosso. Can gefen rumfa na hango wani dattijo zaune kan benci, kalangu rataye a kafaɗarsa, yana jiran mai kiɗan na'ura ya tsagaita. Har aka kira magariba ba a ba shi fili ba. Da ya miƙe zai tafi, sai ya matse kalangun a hammata ya ɗan taɓa shi. Nan take wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wasu biyu suka taso suna rausaya. Wallahi sai da idona ya ciko.

A hanyar komawa gida na ce wa abokina: yanzu da wani zai shirya babban wasa a zauren U.K. Bello da ke Minna, a farfaɗo da waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge da Hajiya Fatima Lolo, a sa tauraro irin Ali Jita ko Ado Gwanja a gaba, tikiti zai ƙare kuwa? Ya ce, "Malam, ai suna ke sayar da tikiti."

Yana da gaskiyarsa. A Amurka an dawo da tsohon wasan waƙa mai suna Funny Girl a 2022, ciniki ya ja baya, amma da tauraruwa Lea Michele ta karɓi jagoranci a watan Satumba sai zaure ya riƙa cika. To, su can sun saba biya a bakin ƙofa. Mu kuwa galibi da ubangida da liƙi muka saba. Sarakuna da attajirai da direbobi su suka riƙe Shata har ya rasu a 1999. Yau kuma wanda ya fi kowa hali shi ke fara aiko yaro a ba shi katin alfarma, har da na iyalinsa. Alhali ga kuɗin hayar zaure, ga man janareta, ga ɗauko makaɗa daga Kano da masaukinsu, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Na yarda tauraro zai tara matasa a daren farko, kamar yadda ake yi a galar Sallah. Za su ɗaga wayoyi su ɗauki hoto su watse. Abin da ke damuna shi ne dare na biyu. Wanda ya dawo, kiɗan ne ya dawo da shi: amon kalangu, zaƙin kuntigi, ƙwaryar amada, da 'yan amshin da suka san inda ake ɗauka da inda ake ajewa. Waɗannan kuwa suna hannun irin dattijon nan na Bosso, kuma kullum raguwa suke yi. Barmani ta tafi a 2013, Ɗan Maraya ya bi ta a 2015.

Don haka duk mai niyyar wannan aiki, ina roƙonsa ya sa wasan bayan la'asar don iyaye mata da yara su samu zuwa. Ya sassauta kuɗin shiga. Ya jawo makaɗan Nupawa da na Gwarawa, domin Minna ta kowa ce. Ya kuma sallami tsofaffin makaɗa kafin ya sallami tauraro.

Mu ma da namu nauyin, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da aka buɗe ƙofar nan, in Allah ya yarda zan bi layi in biya nawa da na mahaifiyata, ba zan nemi alfarmar kowa ba. Fatana kawai in hango dattijon nan a kan dandamali, ana sauraronsa tun kafin magariba.