Rula da mita a unguwar Birni

Ranar 3 ga Satumba 2024, ruwan sama mai ƙarfi ya kada tsohon masallacin Birni na Zinder, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19. Bidiyon faɗuwarsa ya zaga wayoyi har ƙasashen waje, hotunansa na da ma suna nan birjik. Amma hoto ba ya faɗa wa magini kaurin bango daga tushe zuwa sama, ko tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Wannan aikin zanen fasaha ne, darasin da yawancin yaran Damagaram ke gama lise ba su taɓa zama gabansa ba.

Damagaram ba baƙuwar zane ba ce. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, maƙera suka zuba igwa a cikin gari. Maginin gargajiya yakan shata ɗaki a ƙasa da ƙafarsa, mai gida na tsaye yana cewa a ƙara nan, a rage can. Sauran lissafin, na tubali da azara da lanƙwasar baka, yana cikin kansa. Adon da ke fuskar gidajen Birni da Zango shaida ne cewa hannun ya san daidaito. Rauninsa guda ne: ranar da gwani ya kwanta dama, awon da bai sanar da yaransa ba ya tafi da shi.

Abin da ake koya a ajin zane ba wani tsafi ba ne. Ana ɗora wa yaro ƙaramin katako mai rami a tebur, a ce ya fitar da shi a takarda ta fuska 3: ta gaba, ta sama, ta gefe. Gefen da ido ke gani, layi mai kauri. Wanda ya ɓuya, layi mai tsinke-tsinke. Tsakiyar rami kuma dogon layi da gajere suna bin juna. Daga nan sai sikeli. Ɗaki mai tsawon mita 4 yakan koma santimita 4 a ma'aunin 1/100, ko santimita 8 a 1/50. Sai yanka, wato a ɗauka an tsaga ginin gida biyu a nuna abin da ke ciki. A nan ne yara da yawa ke cijewa, a nan ne kuma ƙwaƙwalwa ke fara juya abu kafin hannu ya taɓa shi. Bafaranshe Gaspard Monge ne ya tsara tushen wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 18, kuma saboda ƙa'idar ɗaya ce, takardar da aka zana a Zinder injiniya a Sin zai karanta ta ba tare da tafinta ba.

Misalin amfanin zanen ba nisa ya yi ba. Matatar man SORAZ da aka buɗe a Nuwamba 2011 a arewacin Zinder, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kowane bututu nata a takarda ya fara. Wanda bai iya karanta zanen ba, ko da ƙarfinsa da hazaƙarsa, zai ƙare yana jiran wani ya nuna masa da yatsa. Haka abin yake a shagon mai walda: ana kawo ƙofar ƙarfe, a tarar ta fi gurbinta da santimita 5, sai a fasa bango ko a yanke ƙofa, rigima ta tashi kan wanda zai biya.

Hanyar koyo tana nan, sai dai ƙunci gare ta. Ɗalibin da ya samu BEPC ya nufi fannin fasaha, misali Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi, zai riƙe rula da kampas shekara 3 kafin bak. Takwaransa na lisen gama-gari, sai ya shiga EMIG a Yamai ko wata cibiyar fasaha ta jami'a yake fara gamuwa da allon zane, alhali hannu tun yana ɗanye ake lanƙwasa shi. Masu cewa kwamfuta ta kashe fensir sun yi gaggawa. AutoCAD tana nan tun 1982, kuma har yau abin da mutum ya fahimta kawai take zanawa.

Zariya ta ga amfanin awo. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a Agusta 2023. Amma tun da daɗewa Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, da matasan Najeriya da suka yi aiki tare da shi sun auna shi sun zana, har aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos.

Birni da fadar Sarkin Damagaram suna jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, kuma kowace damina tana cin wani abu daga cikinsu. Malaman lissafi da na fasaha, hukumar gari da masarauta za su iya haɗa kai: kowane aji ya ɗauki zaure ɗaya ko soro ɗaya, da izinin masu gida, a tafi da tsohon magini ya yi bayani, yara su auna su zana, a ajiye kwafi a makaranta da fada. Kayan aikin mita ne, da rula, da fensir, da takarda. A fara da ranin bana, kafin hadari ya sake haɗuwa.