Tsakanin Masai da Randa

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san cewa fili ne abu mafi tsada a birni. A lungunan Yakasai, Zage da Ƙoƙi gida kan jingina da gida, kuma kowane rabon gado sai ya ƙara tsuke tsakar gida. A gidan da na tashi taku kaɗan ne tsakanin rijiya da masai, na maƙwabcinmu ma ya fi namu kusa da ita. Masana lafiya kuwa cewa suke yi a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, domin ƙazanta kan tsatsafa ta ƙarƙashin ƙasa. Gidaje nawa ne a birni suke da wannan sarari? Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa, amma har yau rijiya da 'yan garuwa ne madogarar gidaje da yawa.

Wannan ne ya sa nake duban ƙauye da wani ido dabam. Birni da ƙauyukan da ke kewaye da shi sun daɗe suna cuɗanya: jakuna su shigo da itace, su koma da mangalar taki. Idan na ziyarci dangi a karkarar Gezawa ko Dawakin Kudu, nakan ga suna da abin da ya kuɓuce mana, wato yalwar ƙasa. Magidanci na iya haƙa masai nesa da rijiya ba tare da ya taɓa katangar kowa ba. Sai dai gidajen marasa ƙarfi da dama ba su da masan sam. Ana zagayawa bayan gari, mata su daure har dare, sa'annan ruwan damina ya kwaso komai zuwa tafki da bakin rijiya. Daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa, kuma ƙananan yara yake fara kayarwa.

Hanyar cutar gajeriya ce: daga bayan gida zuwa hannu ko ƙafar ƙuda, daga nan zuwa tuwo da randa. Toshe ta ba ya bukatar dukiya mai yawa. Rami mai murfi da aka kewaye da zana, a riƙa barbaɗa masa toka. Kashin yaro a zuba shi a masai maimakon juji. Buta da sabulu a bakin ƙofa, in babu sabulu toka ta wadatar. Randa a rufe, da moɗa mai dogon mariƙi don kada yatsu su shiga ruwa.

Inda talaka ke gazawa shi ne bakin ramin. A ƙasa mai rairayi, masan da aka rufe da itace da laka yakan rufta da damina, wanda kuwa ya haƙa sau biyu ya rufta ba zai yi marmarin na uku ba. Daɓen siminti da 'yan bulo na ɗaure baki su ne maganin, kuma a nan ya kamata taimako ya sauka. Masu hali sun fi son haƙa rijiyar burtsatse, domin ana rubuta suna a jikinta. Ba wanda ke kiran taro don buɗe masai, alhali ruwa mai kyau da aka zuba a randa marar murfi ya tashi daga mai kyau. Ƙungiyoyin unguwannin birni da ke tara gudummawar azumi za su iya ware kuɗin siminti. Matasan ƙauye su yi gayyar haƙa. Hukumar RUWASA ta horar da magina.

Iyayenmu na ba da labarin duba-gari, wanda yake shiga har tsakar gida ya leƙa randa. Tsoron tara ne ya riƙe wancan tsari, shi ya sa ya yi rauni da tsoron ya gushe. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata kuma a titi da kwata take tsayawa. Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ta bi ta kan jama'a da shugabanninsu, kuma a 2022 aka ayyana ta jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili a duk ƙananan hukumominta 27. Ƙasarmu ɗaya, al'adarmu ɗaya, talaucinsu bai gaza namu ba.

Kano na da ƙananan hukumomi 44, da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida da sunan mai shi. Ƙauyukan da ke gefen birni kullum cika suke yi, gonaki na zama fulotai. A tsara wurin masai da na rijiya tun fili yana nan, domin idan katanga ta haɗu da katanga, gyara sai da rusau.