Game da Gwajin Jinin Baba

Ƙawata,

Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Na ga saƙonki tun shekaranjiya, sai na ga maganar ta wuce a yi ta a tsaitsaye a waya, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Kin ce tunda an yanke wurin da ciwon dajin yake a hanji, likita kuma ya ce an cire duka, to ɗibar jinin nan duk bayan wata uku na mene ne. Ƙawata, abin da ido ya gani ne wuƙar likita take cirewa. Wani lokaci 'yan ƙwayoyin cutar sun riga sun sulale sun laɓe a hanta ko huhu, ƙanana ƙwarai har na'urar hoto ba ta kama su. In ciwon zai dawo kuwa, galibi cikin shekara ukun farko yake dawowa.

Abin da suke aunawa a jinin Baba wani sinadari ne mai suna CEA, wanda Phil Gold da Samuel Freedman suka gano a Kanada tun 1965. Yana da amfani, amma yana da rauni. Shan sigari na ɗaga shi, ciwon hanta ma haka, wani dajin kuma ba ya fitar da shi sam. Saboda haka kada hankalinki ya tashi a kan lamba ɗaya. Ki sami ɗan littafi, duk ranar da sakamako ya fito ki rubuta lambar da kwanan wata, kuma ku riƙa yi a ɗakin gwaji guda. Hawan lambar sau biyu, sau uku a jere, shi ne abin da likita yake son gani da wuri.

Sabon gwajin da kika ji labarinsa kuwa, ctDNA ake ce masa, kuma ni ya shiga raina sosai. Ƙwayar daji in ta mutu tana zubar da gutsattsarin DNA ɗinta cikin jini, jiki ya share su cikin 'yan sa'o'i. To kin ga in aka same su wata guda bayan tiyata, akwai saura da ke da rai a wani lungu. A Ostareliya, Farfesa Jeanne Tie da abokan aikinta sun gwada wannan a kan mutum 455 masu dajin hanji mataki na biyu, sakamakon ya fito a 2022. An raba su gida biyu. A rukunin da aka bi tsohuwar hanya, kashi 28 cikin ɗari aka yi wa ƙarin maganin daji. A rukunin da jini ya yi jagora, kashi 15 kacal. Bayan shekara biyu, waɗanda ciwon bai dawo musu ba kusan daidai suke, kashi 92 da kashi 93.

Na san abin da wannan ragin yake nufi, don na yi jinyar Kawu lokacin da yake karɓar maganin daji mai suna oxaliplatin. Ko ledar ruwa mai sanyi ba ya iya riƙewa, sai ya ce kamar ana soka masa allurai a yatsu. Maɓallin rigarsa ni nake ɓalla masa kafin ya fita masallaci. Duk wanda aka ɗauke wa wannan wahala ba tare da an jefa shi cikin haɗari ba, wallahi an yi masa babban alheri.

Sai dai gwajin da tsada, kuma ko ya nuna babu komai bai ɗauke hoton ciki da leƙen hanji da kyamara ba. Ki tambayi likitansa ko ya dace da matakin ciwon Baba, shi ke riƙe da fayil.

Tsorona ɗaya, na san halin Baba. Da ya ji ƙarfi ya koma kasuwa, zai ce ya warke, asibiti ya isa haka. Don Allah kada ki biye masa. Ranar da aka ba shi, ko da lallashi ne ki saka shi a mota ku je, ki kuma turo min lambar da ta fito.

Ki gaishe min da Baba da Inna da kyau.

Wassalam,
Taki har kullum.